Abin Da Aka Tarar A Ƙarƙashin Allon Bayan Fijo

A cikin kowace ƙaramar mota irin ta dā akwai wani wuri da ba a cika kula da shi ba, watau ɗan allon nan da ke shimfiɗe tsakanin majinginar kujerar baya da gilashin baya. Masu ɗinkin kujerun mota suna ce masa allon baya, waɗansu kuma kanta. Ba ya shan mai, ba ya ƙara, saboda haka mai saye ba ya tambayar lafiyarsa, mai sayarwa kuma ba ya yabonsa. Amma wanda ya san Yola a zamanin Jihar Gongola ya san a kan allon nan ake gane mai mota tun kafin a ga fuskarsa. In aka hangi zanna a kife da sallaya a naɗe, to, ma'aikacin gwamnati ne. In fayil ne da baƙar riga, lauya ne. In kuwa aka ga yaro ya miƙe a kai yana barci, to, iyali ne suka taso daga Mubi ko Numan, tafiya ta yi tsawo.

Motar da ake zance a kanta Peugeot 504 ce, wadda kowa ya sani da Fijo, fara sol, ta wani dattijo ne a Yola Gari wanda mutanen gidansa ke kira Baffa. Ya saye ta cikin 1977 da rancen mota na ma'aikata, shekara guda bayan da gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta ƙirƙiro Jihar Gongola ran 3 ga Fabrairu, 1976, ta mai da Yola hedkwatarta. Kafin nan Yola babban garin Lardin Adamawa ne kawai a cikin Jihar Arewa Maso Gabas, kome sai an tafi Maiduguri. Da zuwan jiha sai ma'aikatu suka buɗe, Jimeta ta cika da baƙi, ga kuma ƙarin albashin Udoji da aka biya a farkon 1975 bai gama hucewa a aljihun mutane ba. Daidai wannan lokaci ne kamfanin Peugeot na Kakuri a Kaduna, wanda ya fara harhaɗa motoci cikin 1975, yake ta fitar da 404 da 504, gwamnatin Janar Obasanjo kuma ta umurci manyan ma'aikatanta su bar motocin alfarma su shiga Fijo. Ita dai 504 ta fito ne a Faransa cikin 1968, aka zaɓe ta motar shekara a Turai a 1969, ta kuma ci tseren Safari na Kenya a 1975. Turawa sun daina ƙera ta a 1983, amma Kaduna ba ta daina ba sai wajen 2006. Ba don ado aka so ta ba. An so ta ne domin tana haɗiye rami da gargada, kuma duk ƙauyen da ta mutu akwai wanda zai tashe ta.

Baffa ya hau motarsa shekara 36. Cikin 2013 idanunsa suka yi rauni, aka tura ta gindin wata darbejiya a bayan gida, aka sa duwatsu a tayoyinta. Nan ta zauna shekara 11, kaji suna ƙwai a ƙarƙashinta. Cikin 2024 babban ɗansa, wanda ke aiki a Abuja, ya zo hutun Sallah ya tarar 'yan gwangwan sun yi ta zarya suna tayawa, sai ya kawo shawara a sayar musu a huta, shi zai sayi wata ta zamani mai na'urar sanyi ya aje wa gidan. Shawarar ba ta wauta ba ce. Mota mai shekara 47 rijiya ce, duk abin da aka zuba mata sai ta nemi ƙari. Baffa dai Bafulatani ne na dā, ba ya kama sunan ɗan fari, ba ya kuma ja-in-ja da shi a gaban mutane. Abin da ya ce wa ƙanen yaron ke nan: "Ka gaya wa wancan, in ya ga an ɗauki gawata an fita da ita, to, ya kira masu awon ƙarfe."

Aka kira makaniki daga Jimeta. Injin bai ba da wahala ba, gama injin Fijo mai silinda 4 ba shi da wani ɓoyayyen sirri: aka wanke kafireta da tanki, aka sake filogi da batir da mai, aka gyara birki, aka sa tayoyi, cikin mako biyu ta tashi. Sai dai duk ran da aka fita da ita, jikokin da ke zaune a baya su dawo da ciwon kai da jiri, ƙaramar cikinsu har da amai, tufafinsu kuma ja wur da ƙura ko da an rufe tagogi. Matan gida suka fara cewa motar ta daɗe a gindin itace, wa ya san abin da ya tare a ciki. Makaniki ya duba salansa ya ɗaure inda ke yoyo, abin ya ragu bai daina ba. Shi ne ya ce a kai ta wajen wani tsohon mai ɗinkin kujerun mota a Jimeta, wanda ya koyi sana'ar a Kaduna tun lokacin da Fijo ke tashe.

Rumfar mutumin nan yanzu kujerun Keke da tamfol ɗinsu ne suka cika ta, don su ne abincin yau da kullum. Da ya ga Fijo sai ya aje almakashi ya zagaya ta sau biyu bai ce kome ba. Sa'an nan ya buɗe but, ya sa yaronsa ya shiga ya kwanta a ciki, ya rufe, ya ce masa ya faɗi duk inda ya ga haske. Yaro ya ga haske ta gefen murfi, inda robar ta bushe ta zube, ya kuma ga manyan ramuka biyu a samansa, kowanne hannu zai shige. Mai ɗinki ya juyo ya ce, "Alhaji, ba iska ba ce, hayaƙi ne. Wa ya huda muku ƙarfen nan?"

A nan ya kamata mai karatu ya san yadda wurin yake. Allon da ido ke gani rufi ne kawai, na kwali mai tauri da aka lulluɓe da leda. A ƙarƙashinsa akwai faifan ƙarfe wanda yake haɗe da jikin motar, ya ɗaure gefen dama da na hagu, ya kuma raba ɗakin fasinja da but. Sa'ad da mota ke gudu, iskar da ta tsaga takan nannaɗe a bayanta ta jawo hayaƙin salansa da ƙurar hanya zuwa jikin but. In robar murfi ta lalace sai su shiga ciki, in kuma akwai rami a faifan nan sai su hau ɗakin fasinja, tun ba ma in direba ya sauke gilashinsa kaɗan ba, domin wannan yakan ƙara zuƙo su gaba. A cikin hayaƙin akwai wata iskar guba wadda ba ta da launi ba ta da wari, tana kama jini ta hana shi ɗaukar iskar numfashi. Alamarta ta fari ita ce ciwon kai da jiri da barci, kuma yara da suke daf da wurin su take fara kamawa. Mota irin ta 1977 ba ta da na'urar tace hayaƙi irin ta motocin yanzu, saboda haka nata ya fi yawan guba.

Amsar tambayar mai ɗinki kuwa tana tsaye a gefen motar, ta harɗe hannu. Babban ɗan ne ya huda ƙarfen cikin 1988, yana ɗan shekara 20, sa'ad da Baffa ya tafi kwas Kaduna. Zamanin kaset ne, kowane saurayi yana so a ji motar gidansu tun daga kan gadar Binuwai. Ya kai ta wajen mai rediyo, aka sa kurfi da guduma aka fasa ƙarfe aka dasa lasifika biyu. Daga baya lasifikan suka mutu, aka cire su, aka toshe ramukan da kwali, kwalin kuma ya bi allon suka ruɓe tare. Baffa ya dubi ramukan, ya dubi sama, ya ce, "Malam, wani ne ya huda, ya daɗe." Ɗan, mai shekara 56 da furfura a gemu, ya sunkuyar da kai kamar an kama shi jiya.

Ruɓewar allon kuma ba abin mamaki ba ce ga wanda ya san Yola. Cikin watan Maris da Afrilu zafi yakan haura digiri 40 a inuwa, balle a ƙarƙashin gilashin da ya kwanta yana tara rana tun hantsi. Leda takan bushe ta tsattsage, gam ya saki. Damina ta zo da raɓar kwarin Binuwai, ruwa ya bi ta kusurwar robar gilashi yana ɗiga, kwali ya sha ya kumbura. Hunturu ya zo ya busar da shi ya lanƙwashe. Shekara 11 ana wannan, sai ya zama kamar ƙosai ya kwana a ruwa. Gara da ɓera suka ƙarasa abin da ya rage.

Aka fara aiki da cire kujerar baya: mazauninta ɗagawa ake yi, majinginar kuma sai an kwance ta daga ƙasa a zare ta sama. Da mai ɗinki ya taɓa tsohon allon sai ya marmashe a hannunsa, ya yi tsaki, domin tsohon allo shi ne ma'aunin sabo. Allon ba murabba'i ba ne, bayansa ya bi lanƙwasar gilashi, kusurwoyinsa sun bi ginshiƙan mota, in aka kuskure da faɗin yatsa sai ya ƙi zama ko ya bar kafa. Neman wani kuwa ba sauƙi. Fijon da suka rage a kan hanya yawancinsu doguwar nan ce mai kujera layi uku ta 'yan tasha, da a-kori-kura, su kuwa ba su da wannan allo sam. Ƙananan an daɗe da farke su an ciyar da dogayen da kayansu. Sai da yaron shago ya yi kwana huɗu yana yawo wajen masu tsofaffin kayan mota ta gefen Jambutu kafin ya samo gawar wata, ba inji ba ƙofa, da rabin allo a maƙale. Ya dawo yana ba da haƙuri. Maigidansa ya yi dariya ya ce rabi ai ya isa: ya ɗora shi a kan kwalin katon ya zana, ya kifa shi ya zana ɗaya gefen, tun da dama da hagu ɗaya suke. Ya yanka kwalin, ya gwada a mota, ya rage, ya sake gwadawa, har sau biyar, bai taɓa katako ba tukuna.

Kafin sabon allo sai an gyara ƙarfe. Mai ɗinki ya ce a cire gilashin baya tukuna, domin tartsatsin walda yakan cinye fuskar gilashi ya bar tabon da ba ya gogewa, ga shi kuma dole a sake robar da ke yoyo. Ya sa aka sauke tankin mai aka kai shi nesa, mai walda yana gunaguni wai ɓata lokaci ne. Lalle gara ɓata yini guda da a kwashi mutum a buhu. Aka kankare tsatsa da buroshin ƙarfe da samfefa har farin ƙarfe ya fito, aka yanko kwano daidai kaurin na asali aka toshe ramukan biyu, aka shafa jan fentin nan mai hana tsatsa sama da ƙasa.

Wajen kankarar nan ne, a cikin wani ɗan kwararon ƙarfe da ke daidai inda allo ya haɗu da majingina, yaron shago ya zaƙulo tarkacen shekaru: kwabbai da sulalla irin waɗanda aka fito da su tare da Naira a 1973, da murfin biro, da ƙwallayen dabino, da wani ɗan ƙullin hankici da ya zama ƙasa. Da ya murza shi sai ga 'yan kunne biyu na zinariya. Mai ɗinki ya karɓa ya wanke su a cikin murfin gwangwani, ya ƙulle a takarda, ya hau Keke da kansa har Yola Gari. Ya tarar da Baffa a zaure bayan la'asar, ya durƙusa ya gaishe shi, ya ce, "Alhaji, amanarku ce ta fito daga mota."

Baffa ya kai su kusa da idonsa, ya shafa, ya daɗe bai yi magana ba. Na uwargidansa ne, Allah ya jiƙanta, ta sayo su a Makka. Sun ɓace cikin 1984, ran da aka dawo daga wani biki. Ita ta tabbata a ɗakinta ta aje su, aka birkice gida ba a gani ba. A gidan kuwa akwai wata 'yar riƙo, ɗiyar wani ɗan'uwa daga Fufore, 'yar shekara 12, ita ke share ɗakin. Ba wanda ya doke ta, ba wanda ya ce mata ɓarauniya a fili. Irin gidajen nan ba a haka. An dai daina aikenta ɗaki, aka daina ba ta makulli, da hutun makaranta ya zo aka mai da ita gidan ubanta da tsarabar atamfa, ba a sake zuwa ɗaukarta ba. Tana aji shida na firamare, karatun ke nan da ta yi a duniya. Uban ya gane abin da ake nufi, bai tambaya ba, ya dai rage zuwa Yola har ya rasu. Ashe Hajiya ta cire su ne a hanya don sun dame ta, ta ƙulle a hankici ta ɗora a allon baya, gargadar hanya ta tura ƙullin ya faɗa tsaga.

Aiki dai bai tsaya ba. Babban ɗan, da ya ga ba sayarwa, sai ya koma son a yi abin a-zo-a-gani: katako mai kauri, da jan karan-miski, da sababbin lasifika. Mai ɗinki ya ƙi, kuma gaskiyarsa. Katako mai kauri ba zai shiga ƙarƙashin leɓen robar gilashi ba, abu mai haske ko ƙyalli kuma yakan yi inuwa a jikin gilashin ya hana direba ganin baya da rana. Ya sayo allon silin mai kaurin milimita 4, ya yanka bisa ma'aunin kwali, ya goge bakin da samfefa, ya shafe shi da fenti ciki da waje har bakin-bakin, don ta nan ruwa ke shiga. Ya shimfiɗa soso siriri, sa'an nan baƙar leda marar ƙyalli wadda ya shanya a rana ta yi laushi. Gam kuwa a fuska biyu ake shafa shi, a jira ya sha iska har ya daina bin yatsa, kana a haɗa, daga tsakiya a bi da tafin hannu zuwa gefe. Yaron shago ya yi gaggawar haɗawa, ya sha rankwashi. A wajen lanƙwasa ya tsattsaga bakin ledar kamar haƙoran zarto don ta naɗu ba tattara, ya kuma bi bayan da ƙananan ƙusoshi, domin ya san gam kaɗai ba ya jure bazarar Yola. Lasifika kuma ya ce in dole ne a nema musu wuri a gaba, ƙarfen nan ba za a sake huda shi a rumfarsa ba.

Mai da gilashi shi ne abin kallo, har masu Keke suka taru. Aka sa wa gilashin sabuwar roba, aka cusa igiya mai ƙarfi a cikin kwararon robar ta zagaye, aka shafa ruwan sabulu. Mutum biyu suka danna daga waje da tafin hannu, mai ɗinki yana ciki yana jan igiyar sannu sannu, leɓen roba yana hawa bakin ƙarfe da kansa. Gilashin mai shekara 47 ne, in ya fashe sai an yi wata ana nema, saboda haka ba wanda ya yi tari har igiyar ta fita. Aka sake robar murfin but, aka zura allo ya zauna, aka mai da kujera. Aka kwara bokiti uku na ruwa a kan gilashin, yaro yana cikin but da tocila, bai ga ɗigo ba. Da zai ba da makulli ya yi wa ɗan Baffa gargaɗi guda: hula da sallaya sun halatta a allon nan, amma ban da fulas da kwalba da jak, gama in aka taka birki da ƙarfi duk abin da ke kai ƙeyar na gaba zai nufa.

Ran Asabar ta biye Baffa ya ce a fito da mota za shi Fufore, kuma wancan ne zai tuƙa. Suka tarar da matar a gidan mijinta, tana da shekara 52, da jikoki, tana sayar da man gyaɗa. Ta shimfiɗa masa tabarma ta durƙusa nesa, ta ce, "Baffa, da kanka? Ai da aike ka yi na zo." Ya ce wa ɗansa ya jira a waje. Abin da aka ji daga zaure kaɗan ne. An ji ya ce, "'Yata, an same su, a mota suke," an kuma ji shiru mai tsawo. Daga baya ta fito ta ɗebo ruwa, idanunta jajur, ta gaida yayanta da sunan da take kiransa suna yara. 'Yan kunnen ya bar mata su, ya ce shi da magadan Hajiya sun yarda nata ne. Ta karɓa ta ƙulle a bakin zane. Ta ce ta yafe wa Hajiya tun ran da ta ji rasuwarta, sai dai ta so a ce mahaifinta yana da rai ya ga wannan rana. Baffa ya nemi a nuna masa kabarin, aka raka shi, ya daɗe a tsaye a rana ba hula, ya bar ta a mota.

A kan hanyar dawowa suka ɗauko wata jikarta 'yar shekara 9, wadda za ta zauna Yola Gari ta shiga makaranta, babban ɗan ya ce kuɗin karatunta a wuyansa. Ta yi barci a kujerar baya tun kafin su fita gari, ta farka a ƙofar gida garau, ta nemi abinci. Kashegari aka biya da motar ta Jimeta don a cika wa mai ɗinki sauran kuɗinsa. Bai karɓa ba sai da ya buɗe ƙofar baya ya goga yatsa a kan allon daga wannan kusurwa zuwa waccan, ya duba, ya nuna wa yaronsa. Ma'aunin kwalin kuwa ya huda shi ya rataye a ƙusa a bangon rumfa, ya rubuta 504 a jiki da alli, domin wani mai irin motar a Girei ya riga ya aiko tambaya.